Kyanwa mai ciwon suga: ya ake haɗa allurar safe da yamma da gosulon Legas?

Uwargida daga Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar dabbobi. Kyanwata mai shekara 9 aka gano tana da ciwon suga a watan jiya, bayan ta yi ta shan ruwa da yawan fitsari, ga ci kamar me amma bayanta na ramewa. Nauyinta yanzu kilo 5.6. Likita ya ɗora ta a kan allurar insulin mai suna Lantus, yunit 2 da safe, yunit 2 da yamma, ya ce a bar awa 12 tsakani.

To ga inda gizo ke saƙar. A Marina nake aiki. Ƙarfe 5:30 na asuba nake barin gida, dawowa kuwa sai yadda hanya ta yi: ranar sa'a ƙarfe 7, ranar da aka yi ruwa ko mota ta mutu a gadar Third Mainland sai 9:30. Ta safe ina yi mata 5:15, ke nan ta yamma ma 5:15 ya kamata, lokacin da nake ofis ko cikin mota. A gida akwai ƙanwata, tana fita makaranta ƙarfe 8 ta dawo wajen 4, amma allura tsoro take ba ta.

In na makara da awa 3 ko 4, in yi allurar ko in bari? Dole ne sai ta ci abinci daidai lokacin allura? Me zan ajiye mata da rana da ba zai lalace ba a zafin nan? Sannan maganar firji, wuta a unguwarmu ba ta da tabbas. Na gode.

Likitan dabbobi, Ikeja

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba ta lafiya. Zan faɗi yadda ake yi, amma duk abin da ya shafi ƙara ko rage yawan allura, likitan da ya duba ta shi zai yanke, don shi ya ga jininta.

Awa 12 ɗin nan ba farilla ba ce. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kyanwa ta duniya, ISFM, ta fitar a 2015 ta yarda a goce da awa 2 gaba ko baya, ta kuma yarda a tsallake allura ɗaya jefi-jefi idan aiki ya hana. Ke nan tazarar awa 10 zuwa 14 ba ta da laifi. Lantus a hankali yake aiki, kuma ƙarshen allurar safe yakan tarar da farkon ta yamma, shi ya sa yake jure wannan gocewar.

Haɗarin tsarinki na yanzu ba a makarar dare yake ba, a allurar washegari yake. In kika yi ta 9:30 na dare, kika sake 5:15 na asuba, tazarar ba ta kai awa 8 ba. Suga yakan kai ƙasansa awoyi da dama bayan allura, ko da yake kowace kyanwa da nata lokacin. Ke nan a daidai lokacin da ta daren ke kan ƙarfinta za ki ɗora wata a kai, ki rufe gida ki tafi. Sugan da ya hau na yini guda ba ya kisa. Wanda ya faɗi warwas, ba kowa a gida, yana kisa cikin awoyi.

Abin da na ga ya fi dacewa da gidanki shi ne ki sauya wadda za ki bar wa ƙanwarki. Ba ta yamma za ki bar mata ba, ta safe. Ta yi allurar 7:45 kafin ta fita. Ta yamma sai ta zama taki, kuma ƙofarta a buɗe take daga 5:45 har 9:45. In kin iso 7, ki yi 7 ko ki jira 7:45. In kin iso 9:30, har yanzu kina ciki, kuma daga nan zuwa 7:45 na safe awa 10 da kwata ne. Lokacin fita makaranta ba ya canjawa, na dawowa ne ke canjawa, shi ya sa na zaɓi safiya. Ki yi sauyin a ƙarshen mako: Asabar ki jinkirta da awa ɗaya da ɗan wani abu, Lahadi ki cike sauran. Jinkirtawa ba ta da haɗari. Dawo da allura baya ne ke son hankali, a nan kada ki wuce minti 30 a rana.

Maganar tsoro kuwa, biron Lantus ɗin nan, SoloStar, wato abin yin allura mai kama da biro da maganin a cikinsa, shi zai warware ta. Allurarsa siririya ce, gajera, kyanwa da yawa ba sa ma ɗago kai daga kwano. Ta saka sabon kan allura, ta murɗa zuwa 2, ta ɗaga bakin sama ta danna har ta ga ɗigo ya fito, wannan don korar iska ne. Ta sake murɗawa zuwa yawan da likita ya ce. Ta kama fatar gefen ƙirji ko kwiɓi da yatsu uku ta ɗaga, ta soka a gindin inda ya ɗago, ta danna har lamba ta koma 0, ta ƙirga goma kafin ta zare. Fatar ƙeya an fi saba kamawa, amma jini bai cika gudana a wurin ba, kuma in aka dage wa wuri guda yana tauri, magani ya daina shiga daidai. Yau dama, gobe hagu. Ba a goga sifirit, ba a murza wurin bayan an gama. Ta fara gwadawa a gabanki ranakun hutu kafin ki bar ta ita kaɗai.

Kada ki ce za ki zuƙo mata maganin a sirinji tun dare ki ajiye. Lantus ba ya son zama a cikin sirinji, yana gurɓacewa, kamfanin ma bai yarda da hakan ba.

Abubuwa biyu da ke jawo ninka allura a gidan da mutum biyu ke yi. Na farko, kowa ya ɗauka ɗayan bai yi ba. Ku manna takarda a jikin firji: kwanan wata, lokaci, yunit nawa, ta ci ko ba ta ci ba, wa ya yi. Ba a ɗaukar biro sai an duba takarda. Na biyu, a taɓa gashin a ji danshi, a ce allurar ta fita ta ɗaya gefen, bari a sake. Kada a sake. Ba wanda ya san nawa ya shiga. A rubuta, a jira lokaci na gaba.

Ranar da ƙanwar ba ta nan kuma kika makara fiye da awa 2 zuwa 3, ga safiya kuma ba za ta matsu ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi: ki ba ta abinci, ki tsallake, da safe ki yi yawan da kika saba, ba ƙari. Wasu likitoci kan ce a yi rabi, ki tambayi naki wanne ya fi so. Amma allura biyu a jere kada su wuce ta.

Mai kiwon kyanwa, Obalende

Likita ya gama da lokaci, bari in taɓa abinci, Hajiya, don rabin maganin a kwano yake.

Kyanwa ba kare ba ce. Karen da ke kan insulin dole ya ci cikakken abinci daidai allura. Kyanwar da ke kan Lantus, tana kuma cin abinci maras sitaci, suganta ba ya tsalle bayan ci, don haka tana iya tsakura sau 4 ko 5 a yini. Abin da ake so a gani kafin allura shi ne tana da marmarin ci, ba wai sai ta share kwano ba.

Abin da za a cire: tuwo, shinkafa, burodi, taliya, gari, madara, da yawancin busasshen abincin kyanwa na buhu. Ana so sitaci ya gaza kashi 12 cikin 100 na ƙarfin abincin. Ba a rubuta sitaci a jikin gwangwani, lissafa shi ake yi. Ki haɗa furotin, kitse, toka, harza da ruwa, ki cire daga 100. Misali gwangwani ya ce furotin 11, kitse 5, toka 2, harza 0.5, ruwa 80. Jimla 98.5, saura 1.5, shi ne sitacin. Ki ninka furotin da 3.5, kitse da 8.5, sitaci da 3.5, za ki samu kalori kusan 86 a giram 100, na sitaci 5 kacal a ciki, kusan kashi 6 ke nan. Wannan ya yi. Ki yi wa busasshe irin wannan lissafin, sau da yawa sauran zai wuce 30. Cikin na gwangwani da na leda ma, wanda aka niƙa ya daskare ya fi mai romo, don da sitaci ake kaurara romon. Akwai waɗanda aka haɗa musamman don wannan ciwo, irin su Royal Canin Diabetic, Hill's m/d da Purina DM, sai dai tsada, kuma yau akwai gobe babu. Na gama-gari da ya ci lissafin sama ya wadatar.

Yawan abinci kuwa da nauyin da ya kamata ta kasance ake auna shi, ba wanda take da shi ba. In likita ya ce kilo 4.5 ne daidai ita, kalori 200 zuwa 215 a yini ya isa, wato kusan giram 240 na irin gwangwanin da na lissafa. Tunda yanzu ciwon ne ke ramar da ita, kada ki fara rage mata sai suga ya daidaita. Bayan nan rage ƙiba a hankali ake yi, giram 30 zuwa 55 a mako, ba fiye ba. Kyanwa mai ƙiba in ta yi kwana 2 ko 3 ba ci, kitse ke taruwa a hantarta, wannan ciwon ya fi sugan wahala. Ki riƙa auna ta duk mako: ki hau sikeli da ita, ki sauke ta ki sake hawa, ki cire.

In za ki dafa da kanki, nama da kaza suna kusa da ke, abbatuwar Oko-Oba na Agege. Cinyar kaza, zuciya, ƙundu, da hanta kaɗan, kada ta wuce kashi 5 cikin 100. A dafa sama-sama, a haɗa da ruwan dahuwar. Ba gishiri, ba magi, albasa da tafarnuwa kuwa guba ne ga kyanwa, suna fasa ƙwayoyin jini. Nama zalla ba cikakken abinci ba ne, ba shi da sinadarin ƙashi. Ana busar da ɓawon ƙwai a daka shi lilis, a saka kusan rabin ƙaramin cokali a rabin kilo na nama. Zuciya tana kawo taurin, sinadarin da rashinsa ke makantar da kyanwa ya kuma raunana zuciyarta. Kifin titus dafaffe ba laifi sau ɗaya ko biyu a mako, amma ba kullum ba, kuma ba ɗanye ba. Ni a ganina dafin gida kaɗai na tsawon watanni sai da hodar bitamin ta kyanwa, in ba haka ba a raba, rabi gwangwani rabi na gida.

Da rana fa? Jiƙaƙƙen abinci a ɗakin Legas ba ya wuce awa 2 zuwa 3 bai fara tsami ba. Ki raba na yini kashi huɗu. Ɗaya ke da asuba, ɗaya ƙanwarki 7:45 tare da allura. Na uku ki daskarar da shi a firiza tun dare, ta ajiye shi da ƙanƙararsa tana fita, zai narke wajen hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da suga ke gangarowa. Na huɗu da dare. Akwai kwanon da ke buɗe kansa da agogo, mai batir, da gurbin ƙanƙara a ƙasa, in kin samu ya fi. Kada ki sayi mai jona wa wuta. Ki ɗora kwanon a cikin faranti mai ɗan ruwa saboda tururuwa.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi: in a yanzu busasshe take ci, kada ki cire shi dare ɗaya alhali tana kan yunit 2. Da zarar sitaci ya ragu, buƙatar insulin na faɗuwa cikin 'yan kwanaki. A sauya a tsawon mako guda, da sanin likita, ana gwada jini.

Mai harhaɗa magunguna, Idi-Araba

Salamu alaikum. Nawa ɓangaren ajiya ne.

Lantus da ba a fara ba yana zama a firji, digiri 2 zuwa 8, har ranar da aka rubuta a jiki. A saka shi a tsakiyar firji cikin kwalinsa. Ƙofa tana ɗumama duk buɗewa, bangon baya kuma yana daskarar da abu, musamman in wuta ta dawo firjin ya kama aiki ba tsayawa. Insulin da ya taɓa daskarewa ya mutu, ko ya narke ya koma garau. Wanda aka fara amfani da shi, kamfani ya ce kwana 28 a ƙasa da digiri 30. Ɗakunanmu daga Fabrairu zuwa Afrilu suna wuce hakan da rana, don haka kada a bar shi a kan tebur. Likitocin dabbobi da yawa suna barin a ci gaba da shi watanni in yana cikin sanyi kuma bai sauya ba, amma wannan sharaɗin firji mai wuta ne. A gidan da wuta ke zuwa ta tafi, ni ba zan kai shi nesa ba. Lantus garau yake kamar ruwa. In ya yi gajimare ko aka ga ɗan abu na yawo a ciki, a yar. Ba a girgiza shi, ba a sirka shi da komai.

In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kusan awa 4. Ki cika robobin ruwa ki jera a ciki, suna tsawaita hakan. Ya wuce nan, sai fulas mai faɗin baki ko ƙaramar kula: ƙanƙara a ƙasa, tsumma a kai, biron a cikin leda a sama, kada ya taɓa ƙanƙarar. 'Yan'uwa daga gida za su ce a saka a tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. Tana aiki sosai a can, don iska busasshiya ce, ruwa na tashi ya tafi da zafi. Iskar Ikko cike take da laima, sanyin da za ta bayar kaɗan ne. Ta fi babu, amma ba ta maye gurbin firji.

Lissafin saye: biro ɗaya mil 3 ne, yunit 300. Kwalba mil 10 ce, yunit 1000, kuma kyanwa ba za ta shanye ta ba kafin ta lalace. Da sirinji, yunit 4 a yini, biro zai yi kwana 75. Da kan biro, tunda ana zubar da 2 kafin kowace allura, yunit 8 ke tafiya a yini, kwana 37 ke nan, wanda ya yi kusa da wa'adin kamfani. Don haka asarar ba asara ba ce. Ki sayi biro ɗaya-ɗaya a kantin magani mai rajista da ke da janareta ko sola, ki ga an ciro shi daga firji a gabanki, ki duba lambar NAFDAC, ki tafi da kularki. Kada ya shiga jakar hannu ya yi awa 2 a danfo, motar hayar nan.

In kin rasa Lantus, kada kowa ya ba ki Mixtard, Actrapid ko Insulatard ya ce ai duk insulin ne. Actrapid saurin aiki gare shi, Mixtard akwai mai saurin a gauraye, Insulatard kuma ba ya daɗewa a jikin kyanwa. Ki kira likita.

Uwargida daga Agege

Allah ya saka da alheri, wallahi kun sauke min nauyi. Ƙanwata ta yarda za ta gwada biron ranar Asabar.

Likita, saura biyu. Akwai mitar gwajin suga, Accu-Chek, ta mahaifiyarmu a gida, zai yi wa kyanwa? Lamba nawa zan gani in fasa allura? Sannan wata maƙwabciya ta ba ni ragowar sirinjin karenta masu jan murfi, an rubuta U-40, in ajiye saboda ko-ta-kwana?

Likitan dabbobi, Ikeja

Sirinjin nan ki mayar mata yau ɗin nan, Hajiya, kada su kwana a gidan. Lantus U-100 ne, yunit 100 a kowane mil. Sirinjin U-40 an zana shi ne don insulin mai yunit 40 a mil, irin Caninsulin da ProZinc. In kika ja Lantus zuwa layin 2 a kansa, yunit 5 kika ja, ninki biyu da rabi. In za ki ajiye sirinji, U-100 mai murfi ruwan lemo, ƙaramin nan na mil 0.3, in da hali mai layin rabin yunit. Da shi ake iya yin 1.5, abin da biro ba ya yi. Ana iya zuƙa daga bakin biron kai tsaye, amma kada a tura iska ciki.

Mitar mutane tana aiki, sai dai takan nuna ƙasa da gaskiya kaɗan a jinin kyanwa. AlphaTRAK ce aka yi don dabbobi, amma tsinken gwajinta na da wuyar samu a nan, mitar da ba ta da tsinke kuwa ba ta da amfani. Ki tsaya a kan mita guda, ki gaya wa likitanki wacce ce. Abin hudawa dai kowa da nasa, kada a haɗa da na Mama. Ki ɗumama kunnen da tsumma mai ɗumi minti ɗaya, ki tokare bayansa da auduga, ki huda kusa da gefen kunne inda siririyar jijiya ta zagaye, ki taɓa tsinke a ɗigon, ki danne wurin kaɗan. In mitar tana nuna ƙananan lambobi irin 8.3, ki ninka da 18 ki samu irin waɗanda zan faɗa.

Ana so suganta ya wuni tsakanin 90 da 250, mafi ƙasa ya tsaya tsakanin 80 da 150. Ga gidan da ba kowa da rana, ni taka-tsantsan nake yi kafin allura. Sama da 200, a yi cikakkiya. Tsakanin 150 da 200, a ba ta abinci, a sake gwadawa bayan rabin awa, in bai hau ba a yi rabi. Ƙasa da 150, a dakata a kira likita. In ta ci ƙasa da rabin abincinta amma tana walwala, rabin allura. In ta ƙi ci sau biyu a jere, ga amai, ga kwanciya, wannan ba na gida ba ne. Ki tsoma tsinken gwajin kiton, sinadarin da ke fita a fitsari in ciwon suga ya tsananta, a fitsarinta in kina da shi, ya nuna ko bai nuna ba ki kai ta asibiti a ranar.

Alamun faɗuwar suga ki koya wa ƙanwarki har ta haddace: tangaɗi, rauni, kuka ba dalili, baƙin ido ya buɗe, karkarwa, a ƙarshe jijjiga da suma. Ko mita ta nuna ƙasa da 65. In tana iya haɗiya, a ba ta abinci nan take. In ba ta iyawa, a lakato zuma, rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya, a goga a dasashinta da yatsa. Kada a ɗura mata ruwa, zai shiga huhu. A sake gwadawa bayan minti 20, a kuma nufi asibiti, don zuma na ƙarewa da wuri, Lantus kuwa yana nan yana aiki awoyi. Zumar ta zauna kusa da takardar firji, da lambar likita a rubuce. Ki san tun yanzu wane asibitin dabbobi ne ke buɗe da dare a ɓangarenku, kada sai tsakar dare a fara nema.

Ranar Asabar ko Lahadi, bayan ta yi mako guda a kan sabon tsari, ki gwada kafin allura, sannan duk awa 3 har ta yamma. Wannan jerin lambobin ki tura wa likita, ya fi gwajin asibiti gaskiya, don tsoro kaɗai yana harba sugan kyanwa sama. Kada a ƙara allura saboda lamba ɗaya mai yawa da safe. Wani lokaci suga faɗuwa ya yi da dare, jiki ya mayar da martani ya cilla shi sama, ƙari a nan ƙara ta'azzara abin yake yi. Ana sauya yawa ne da rabin yunit zuwa ɗaya, ba fiye da sau ɗaya a kwana 5 zuwa 7 ba. In huda kunne ya gagara, akwai na'urar auna suga, FreeStyle Libre, da ake mannawa a fata bayan an aske wurin, yana yin har kwana 14 in ba ta ɓamɓare shi ba.

Ki sa ido musamman a watanni 6 na farko. Kyanwa da dama, in aka haɗa abinci maras sitaci da allura a kan kari, jikinsu na farfaɗowa har a daina allurar. Alamarsa shan ruwa ya ragu, fitsari ya ragu, lambobin kafin allura su yi ta sauka, kuma a wannan gaɓar ce yunit 2 ɗin jiya ke zama ya yi yawa. In kuma akasin haka aka gani, ana ta ƙari ba sauyi, a duba haƙora, a duba fitsari, a tabbatar ba wanda ke ba ta maganin prednisolone ko dexamethasone saboda ƙaiƙayi, don su kansu suna hana insulin aiki.

Mai harhaɗa magunguna, Idi-Araba

Ƙari kaɗan ga ƙanwar tamu: ta cire kan allura daga biro da zarar ta gama. In aka bar shi a jiki, iska na shiga, magani na ɗiga, washegari yunit 2 ba zai cika 2 ba. Ta jefa shi a robar ruwa mai kauri mai murfi, in ta cika a kai asibitin dabbobin, kada ya shiga kwandon shara yara ko masu kwasar bola su taka. Ta kuma rubuta ranar da aka fara biron a jikinsa.